Faifan CD mai arha: a ɗaki lafiya lau, a mota sai haƙuri

Masu tsofaffin motoci irin tawa, waɗanda rediyonsu ba shi da ramin filas balle Bluetooth, da ku nake. Motata Corolla ce ƴar Kwatano, rediyonta faifan CD kaɗai yake karɓa, kuma ba ni da niyyar cire shi, don muryarsa ta fi ta sababbin nan da ake ɗaurawa. Shi ya sa har yau ina cikin masu neman faifan da ba a ɗora wa komai ba, duk da yanzu a Damagaram sai ka sha yawo kafin ka same shi.

Wanda nake magana a kansa shi ne mai arhar nan da ake jerawa hamsin-hamsin a roba mai murfi, mai farin baya, sunan da ke jikinsa ma ba wanda ya taɓa jin shi. A wani shago na saya wajen Kasuwar Dole, kuɗinsa kuwa kun san shi. An rubuta masa abin da aka saba rubuta wa CD-R, wato faifan da ake ɗora wa abu sau ɗaya tak: 700MB, minti 80, gudun ɗorawa 52x. Ta nan bai yi ƙarya ba, minti 80 ɗin yana ɗauka. Da yake rediyona bai san MP3 ba, dole a ɗora min sauti irin na faifan kamfani, waƙa goma sha wani abu faifai ya cika, alhali mai rediyon MP3 zai zuba sama da ɗari a faifai guda. Na ɗora karatu, na ɗora wa'azi, na ɗora kiɗan kalangu da waƙoƙin biki. Da farko ba laifi. Har a fadarmu wajen shayi na yabe shi, na ce arha ta yi rana.

Sai bikin ƙanwar maiɗakina ya zo cikin bazara, aka ce motata ce za ta ɗauki iyaye mata zuwa kai amarya Magarya. Gwaggo a gaba, sauran a baya sun cika mota da turare da guɗa. Tun muna Birni na saka faifan waƙoƙin biki, ana tafi ana rangaji. Muna wuce Dogo, mota ta ɗan shiga gargada, sai mawaƙin ya maƙale a kalma ɗaya, yana ta nanata ta kamar mai in'ina. Na danna ta gaba, ta yi rabi ta tsallake. Gwaggo ta juyo ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, mawaƙin naka iska ce ta taɓa shi?" Mota ta kwashe da dariya. Na ce, "Gwaggo, a yi haƙuri, bari in canja." Na fitar, na goge da hannun riga, na saka wani. Wannan ko farawa bai yi ba, rediyo ya yi ta gurnani yana juya shi, can ya rubuta ERR ya tofo shi. Na gabansa ma haka. A ƙarshe su da kansu suka rera waƙar amarya da tafi har muka shiga gari, kuma har aka watse daga bikin nan sunana "mai faifai". Wallahi na ji kunya, gaban surukai fa.

Da na dawo na ɗaga su a hasken rana. Ana hango yatsa ta cikinsu saboda rashin kauri, ga ƙananan huji-huji a fatar azurfar da ke sama, wani har ta fara ɓarewa daga gefe. Shi CD-R ba kamar faifan kamfani ba ne da ake bugawa da inji. Wani ɗan rini ne a shimfiɗe ƙarƙashin fatar nan, hasken na'ura yana ƙona masa alamu, kuma zafi da rana suna cin rinin. Waƙar ma ta fi kusa da saman faifan, inda ake rubutu, don haka ƙarzuwar sama ta fi ta ƙasa illa. To a garin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa cikin Afrilu, balle motar da aka rufe, faifan da ba ya jure zafi me zai yi min? Don mota na saye shi, a mota zai kwana.

Abin da ya fi ɓata min rai mai shagon ne. Na ce, "Alhaji, kayan nan naka sun kunyata ni." Ko kallon faifan bai yi ba ya ce, "Malam, rediyonka ne ya tsufa." Sai ya miƙo min CD-RW mai ƙarin kuɗi, wai ana gogewa a sake ɗorawa. Gaskiya ne ana gogewa, amma ba ya mayar da haske sosai kamar CD-R, tsofaffin rediyoyin mota da yawa ba sa ma ganin shi. Da na ƙi, ya koma tallar DVD, wai 4.7GB ne. Rediyon CD ina zai kai DVD? Shi dai a saya.

Wani yaro mai kwamfuta a Zango ne ya fitar da ni. Ya ba ni CD-R samfurin Verbatim mai shuɗin ciki, wanda aka rubuta wa AZO, wato sunan rininsa, ya rage gudun ɗorawa zuwa 8x maimakon 52x, ya rufe ɗorin faifan a kwamfuta da ya gama don kada rediyo ya ƙi shi. Ya kuma hana ni manna takardar suna, ya ce zafi na ɗaga ta ta maƙale a cikin rediyo, in rubuta da maka mai laushi kawai. Wannan faifan na bi hanyar Tanut da shi, tafiya da dawowa, ko sau ɗaya bai yi tsalle ba, a rediyon nan da aka ce ya tsufa.

Don adalci, mai arhar ma da aka ɗora shi a hankali ya ɗan gyaru, kuma a rediyon ɗaki yana yi. Har na so in ce ga mai ƙaramin ƙarfi ya wadatar. Amma ina! Tun wajen ɗorawa wasu ke lalacewa a tsakiya, kwamfuta ta tofo su, kuma CD-R in ya ɓaci ya ɓaci ke nan, ba a gogewa. Ka lissafa waɗanda suka mutu a kwamfuta da waɗanda rana ta cinye, ka ga arhar ta gudu. Sauran da ke robar na ba wani mai amalanke yana ɗaurawa a baya don fitilar mota ta haska shi da dare.

Verbatim ɗin kuma yaron ya ce nasa sun kusa ƙarewa. Wanda ya san inda ake samun na ainihi a nan Damagaram, ko mai zuwa Kano da zai iya riƙo min roba ɗaya, don Allah ya yi min magana.