Digirin bincike ko na koyon gyara: amsa ga ƙanwarmu ta Daura

Ƙanwata, kin ce kin gama digirin farko a kimiyyar sinadarai, kina son karatun adana kayan tarihi, amma kin rasa wanda za ki zaɓa tsakanin digirin koyon aikin hannu da digirin bincike. Ga yadda nake ganinsu.

Na koyon aiki, irin wanda jami'o'in Durham da Kadif ke yi a Birtaniya, galibi shekara 2 ne. Yini ake yi a ɗakin gwaji ana koyon cire tsatsa daga ƙarfe, haɗa fasasshiyar tukunya, da rubuta rahoton duk abin da aka taɓa. Babbar ƙa'idarsu ita ce kada ki yi gyaran da na bayanki ba zai iya warwarewa ba. Idan kin fito, aikin gidan tarihi za ki nema.

Na bincike kuwa, tambaya ɗaya za ki riƙe, shekara 3 zuwa 4 idan digirin digirgir ne, kuma kina iya gamawa ba ki gyara abu ko ɗaya ba. Amma fa nan ne ilimin sinadaranki zai yi amfani, don tambayoyin suna cikin gidajenmu. Ɗauki Alƙur'ani rubutun hannu da ke cikin gafaka. Tawadar zuge da ƙaro ba ta cin takarda, sai dai laima ta sa ta jirwaye. Wadda ke da ƙarfe a ciki kuwa a hankali take huda shafi. Fatar da aka jeme da bagaruwa yaya take tsufa? Takardar nan mai tambarin wata uku, da a da ake kawowa daga Italiya ta hanyar Tarabulus, me ke faruwa da ita idan ta sha bushewar hunturu sannan ta sha laimar Agusta, shekara bayan shekara? Yawancin ƙa'idojin zafi da laima an tsara su ne don ɗakunan Turai masu lantarki dare da rana. Mu muna buƙatar wanda zai auna abin da ya dace da soron ƙasa, inda gara ma abokiyar gaba ce. Wannan yana damuna ƙwarai.

Ki tuna Durɓi Takusheyi, makabartar sarakunan da can da ke ƙasar Mani a jihar Katsina. An haƙa kaburburan a 1907, aka sake a 1992, amma kayan tagulla da aka samu sai da aka kai su birnin Mainz na Jamus kafin a gyara su, a yi nazarinsu. Hannu da bincike duka aka buƙata, duka kuma a waje aka same su.

Ra'ayina, ki fara da hannu, bincike ya biyo baya. Wanda bai taɓa ɗaga shafin da ke marmashewa ba, da wuya ya san tambayar da ta cancanci shekarunsa. Kafin ki nemi gurbi, ki roƙi izinin aikin sa kai a gidan tarihi na Katsina, cikin ginin tsohuwar kwalejin horar da malamai, sannan ki je Gidan Arewa a Kaduna ki ga yadda ake ajiye rubuce-rubucen hannu. Ki riƙa ɗaukar hoton ayyukanki, domin masu ɗaukar ɗalibai sukan nemi shaidar ƙwarewar hannu.