Gidan zuhudu ko zaman warwatse?

A gidan zuhudu kararrawa ce ke tashinka, addu'a da aiki da cin abinci duk an tsara lokacinsu tun dokar da waliyyin Kirista Benedict ya rubuta wa masu zuhudu a ƙarni na 6, ba aure, ba dukiyar kanka, in ka yi sanyi a ibada ɗan'uwa na gefenka zai gani nan take.

Zaman warwatse kuwa daban ne. Ɗauki ƙungiyar Kiristoci ta Iona da fasto George MacLeod ya kafa a Scotland a 1938, membobinta kowa na gidansa da iyalinsa da aikinsa, wani malami wata nas, amma alkawari ɗaya ya ɗaure su, addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki kullum, kuma suna haɗuwa a ƙananan rukuni kowa ya faɗi yadda ya kashe kuɗinsa da lokacinsa, wannan na kuɗin fa ba wasa ba ne.

Ni dai gaskiya na biyun ya fi taɓa ni, ko da yake ya fi wuya. Ba kararrawa, sai ƙarar waya da asuba, yaro na kuka, aiki na jira, kai kaɗai za ka buɗe Zabura ka san wasu can nesa su ma sun buɗe.