Hular walda mai duhu da kanta: mai sola zalla ko mai batirin canji?

Wa alaikumus salam ƙanena. Cikin biyun da ka turo hotonsu daga kasuwar Marwa, wato mai sola zalla wadda ba ta da abin murzawa na saita duhu ko ɗaya, da ɗayar mai kusan ninki biyu a kuɗi wadda ake buɗe mata gidan batir, ɗauki ta biyun. In kuɗin bai cika ba a wannan satin, ci gaba da abin kare fuska na hannu mai baƙin gilashi har Allah ya hore. Jiran sati biyu ya fi sayen abu sau biyu.

Irinta nake sawa a shagona nan Garwa, kuma zan gaya maka ranar da ta shiga raina. Lokacin kwasar auduga ne, aka kawo min tirela, ƙarfen da ke riƙe da sifirin na baya ya tsage. Ba wurin tsayuwa, ba wurin tsugunno, sai dai ka shimfiɗa kwali ka kwanta rigingine ka ja jiki ka shiga ƙarƙashi. Hannun hagu yana danne da ɗan ƙarfen da zan ɗora a kan tsagar, na dama yana riƙe da baget, wato sandar walda. Da na hannu nake aiki, da sai na kira yaro ya kutso ya riƙe min ƙarfen yana runtse ido, ni kuma in kai baget a makance, in ɗosa, in ɗaga gilashi in duba, in tarar ya goce, in fasa in sake. Da hular nan kuwa ina kallon bakin tsagar tar, na kai kan baget daidai inda nake so, wuta na tashi gilashi ya yi duhu, ina ganin narkakken ƙarfe yana bin layi, ina ɗagawa haske ya dawo. Direban yana zaune a inuwa, bai gama shan shayinsa ba na fito ina kaɗe riga. Abin da ya cece ni a wurin shi ne idanunta huɗu. Waɗannan 'yan ɗigon baƙaƙe da ke gefen gilashi su ne ke ganin wuta su ba da umarnin yin duhu. A ƙarƙashin mota ƙarfen sasi, wato ƙashin jikin motar, yakan tare biyu, sauran biyun su gani. Mai ido biyu, in abu ya gitta gabansu, sai ta buɗe maka haske kana tsakiyar walda.

Mai sola zallar, wani abokin ciniki ya taɓa kawo wa yarona ita tsaraba. Ba ta da nauyi, wannan kam na ba ta. Ta yi aiki na ɗan lokaci, ta fara ƙyaftawa, ta mutu, yanzu tana rataye a ƙusa.

Dalilin mutuwarta shi ne abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Ana ce mata mai sola, amma galibinsu akwai ɗan batir a ciki, an liƙe shi cikin akwatin gilashin yadda ba a buɗewa. Solar taimako take yi, tana shan hasken walda da na rana. Ranar da batirin ciki ya ƙare, magana ta ƙare. Ka kuma tuna hanyar da kayan nan ke bi kafin su iso mu: jirgin ruwa zuwa Duwala, kwanciya a sito, doguwar hanya ta Ngaundere, ko kuma ta wajen Najeriya su shigo ta Mubi ko Yola, sannan su zauna a rumfar kwano suna shan zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40. Batirin ya tsufa tun hular tana cikin kwalinta. Mai gidan batir kuwa, in ta fara sanyin jiki, ka zare ɗan murfi ka sa sabo, ta dawo daram. Amma buɗe ka karanta lambar batirin kafin ka biya. In CR2032 ne, za ka same shi wajen masu gyaran agogo da masu sayar da rimot ɗin mota ko'ina. CR2450 ya fi shi girma da daɗewa, sai dai samunsa a garuruwanmu sai an sha yawo, don haka in shi ne a ciki, sayi na ajiya duk ranar da ka ci karo da shi.

Sai abin murzawa, wanda mutane ke ɗauka ado ne. Hula mai kyau, kafin wuta ta tashi, duhunta lamba 3 ko 4 ne, kana ganin komai. In wuta ta tashi sai ta koma lambar da ka saita, daga 9 zuwa 13. Aikinmu ba iri ɗaya ba ne daga safe zuwa yamma. Da safe kana haɗa ƙofa ko tagar gida da siririn bututu, baget mai kaurin milimita 2.5, ƙarfin wuta bai kai amfiya 100 ba, lamba 10 ta ishe ka, wani lokaci ma 9. Da rana a kawo garmar shanu ko amalanke, ka ɗauki 3.2, ka koma 10 ko 11. In ka hau baget 4 a kan sasi, wuta ta haura 150, kana bukatar 11 ko 12. Yadda nake koya wa yara: fara da duhu sosai, ka dinga ragewa kaɗan-kaɗan har ka ga narkakken ƙarfen da gefen layin sarai, ka tsaya nan. In ka gama walda ka ga wani ɗigon haske yana yawo a idonka, ka yi ƙasa da yawa, ƙara lamba. Hular da aka ƙulle a lamba ɗaya, a ƙaramin aiki ba ka ganin layi sai ka kai fuska kusa kana shaƙar hayaƙi, a babban aiki kuma ido ya gaji kafin la'asar.

Akwai wasu 'yan maɓallai biyu a ciki. Ɗaya na saurin jin haske ne. Mu da ke aiki a bakin titi cikin rana tsaka, shi ne ya fi mana amfani, domin in ya yi sama da yawa, hular za ta yi duhu da hasken rana kawai, ko da walƙiyar maƙwabcinka da ke walda can gefe, ka rasa ganin gabanka. Rage shi kaɗan-kaɗan har ta daina, ka tsaya nan. Ɗayan na jinkirin dawowar haske ne bayan ka ɗaga baget. In ɗoshe-ɗoshe kake yi a taga, sa shi gajere ka yi sauri. In kauri ne ƙarfen, wanda ke zama jajir bayan an gama, sa shi dogo. Wasu suna da wurin saitawa na gurza ƙarfe, inda gilashi ba ya duhu sam. Yana da daɗi, amma mayar da shi kafin ka koma walda. Ka mai da shi al'ada: hula ta hau kai, yatsa ya taɓa maɓalli.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa: masu sayarwa. Ban ce duka ba, akwai masu tsoron Allah a cikinsu. Amma kasuwar nan ta cika da jabu, kuma da yawa daga masu rumfar ba su taɓa riƙe baget ba, abin da ke jikin kwali suke maimaita maka. Akwai hular da ake manna wa sunan 3M Speedglas ko ESAB a sayar da ita a kuɗin buhun siminti biyu. Speedglas ita ce ta fara fito da irin wannan gilashi a ƙasar Suwidin a 1981, kuma ta gaskenta kuɗinta ya ninka waɗannan sau da yawa. In ka ga babban suna da ƙaramin kuɗi, sunan ne kawai aka buga. Gara hular Caina da ta zo da sunanta na gaskiya. Akwai wadda abin murzawarta yana juyawa amma bai haɗu da komai a ciki ba. Akwai wadda ta mutu a rumfa, in ka ce ba ta yin duhu a ce maka ai caji take so, je ka shanya ta a rana. Kana fita da ita, shi ke nan, ba a karɓar kaya.

Don haka gwada a gaban mai kaya. Tafi da rimot ɗin talabijin a aljihu. Sa hular, ka nuna rimot ɗin wajen idanunta ka danna, galibinsu za su yi duhu nan take. Toshe idanun da yatsa ka bar ɗaya, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, domin akwai mai ramuka huɗu amma biyu ne ke aiki. Ƙyastun sigari ma yana yi in ka ƙyasta a gabanta. Tana cikin duhu, kalli bango mai haske ka murza daga 9 zuwa 13, dole ka ga duhun yana ƙaruwa, kuma ko'ina daidai, ba tsakiya baƙi gefe fari ba. In akwai mai walda kusa da rumfar, kuma ba a rasawa, roƙi mai kaya ya bar yaronsa ya raka ka ka ga wuta ta gaske da ita. Wanda ya hana ka gwaji ya san abin da ke cikin kwalinsa.

Duba jikin akwatin gilashin kansa, ba kwali ba. Na kirki yana da rubutu kamar 4/9-13, sai harufan kamfani, sai lambobi huɗu irin 1/1/1/2, sai 379, wato ma'aunin Turai EN 379. Na Amurka Z87 ake bugawa. A lambobin nan huɗu, 1 ya fi kyau, 3 ya fi rauni. Ɗan jabu ma yana iya buga rubutu, amma wanda ba shi da ko rubutun, ajiye shi. Ga dalilin da na damu da wannan. A gilashi na gaske akwai wani shafi da ke tare hasken da ke ƙona ido a kowane lokaci, ko ya yi duhu ko bai yi ba, ko batir ya mutu. In ya makara sai dai walƙiya ta dame ka. A na jabu ba wanda zai ba ka tabbacin shafin nan yana nan. Kowa a sana'ar nan ya san daren da ido ke cika da yashi, hawaye na zuba, ba barci, awa shida zuwa goma sha biyu bayan an tashi aiki. Yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, amma kada ka ɗiga madara ko wani maganin kashe zafi na kan tebur. Rufe ido a ɗaki mai duhu, ɗora tsumma mai sanyi, in ya wuce kwana biyu ko gani ya ragu, a je wajen likitan ido. Baƙin tabarau na 'yan acaɓa da yara ke sawa su yi walda, ni a shagona haramun ne. Haka waɗannan tabarau masu duhu da kansu da suka shigo kwanan nan: ido ya tsira, amma fatar fuska da wuya tana gasuwa har ta saɓule.

Abu na ƙarshe da za ka duba kafin kuɗi su fita shi ne farar robar gaba, wadda ke tare tartsatsi. Ita ke cinyewa. Zaɓi hular da robarta shimfiɗaɗɗiya ce mai kusurwa huɗu, kamar mai milimita 110 da 90, don ita ake samu a kasuwa. Masu lanƙwasa da fasalin fuskar dodo suna da kyan gani a hoto, amma in robar ta ƙone ba ka samun irinta daga Kuseri har Ngaundere. Sayi biyar ko goma tare da hular. Kada ka taɓa yin walda ba ita, tartsatsi ɗaya ya manne a gilashin ciki ya gama da shi. Sabuwa tana zuwa da siririyar leda a gaba da baya, ɓare ta, yara da yawa suna kukan hula ba ta gani alhali ledar ce. Ja madaurin kai ka murza shi sau da yawa a rumfa, in haƙoransa suna zamewa nemi wata, don nan ne na biyu da masu araha ke karyewa.

In ka kawo ta gida, ƙura ce abokiyar gabarta. Lokacin hunturu, goge idanunta da solar kowace safiya da tsumma mai laushi, ba da rigar aiki mai ɓurɓushin ƙarfe ba. Kada a bar ta kan tebur ɗin ƙarfe ko cikin mota a rana, galibinsu an rubuta musu iyakar zafin aiki digiri 55. Ajiye ta cikin jaka a inuwa. In rana tana bayanka, haske yana shigowa ta ƙeya ya haska cikin gilashi ka daina ganin layi. Ni wani ƙyalle mai kauri na auduga na ɗinka a bayan tawa, yana tare hasken, yana kuma hana tartsatsi shiga wuya. Hula ba ta tare hayaƙi, musamman na bututu mai farin shafi, don haka tsaya inda iska ke kwashe shi daga fuskarka. Na hannun naka kuma kada ka yar, sa masa gilashi lamba 10 ko 11 ka rataye, zai yi wa yaron da ke riƙe maka ƙarfe amfani, don shi ma ido gare shi.

In ka koma rumfar, ɗauki hoton rubutun jikin gilashin da na gidan batir a buɗe, ka turo nan kafin ka biya. Ina duba waya bayan la'asar in sha Allah.