A gyara tsohon hol ɗin unguwa ko a rushe a gina sabo?

Masu cewa a rushe suna ta misali da National Theatre, babban gidan wasan kwaikwayo na Accra, da 'yan Chana suka gina a 1992, to wannan kuɗin gwamnati ne fa, mu a unguwar Nima wa zai ba mu? In aka rushe sai a shekara ana jiran siminti, yara ba wurin rihazal, ƙarshe filin ya koma shaguna.

Gyara kam ni shi na fi so wallahi. Katangar lafiya lau take, kwanon rufin ne ke yoyo da damina, a canja shi, a sake wayarin gaba ɗaya don tsoffin wayoyi ba za su ɗauki sifika da fitilun zamani ba, a sa sola saboda dumsor, wato yawan ɗauke wuta, a yi bayin mata daban. Amma injiniya ya fara duba fandishon tukuna, in ya tsage to maganar ta canja.