Shinjuku Gyoen: lambun da ya fitar da mu kunya bayan mun makara

Tun da ɗana na biyu ya tafi karatu Tokyo yake damuna da hotunan fure. Duk ƙarshen Maris sai ya cika min waya da itatuwa farare tas kamar an watsa musu audugar rimi, a ƙasa ya rubuta, "Umma, sai kin zo kin gani da idonki." Ni malamar makaranta ce a Zariya, a gidanmu akwai mangwaro biyu da darbejiya, kuma ban taɓa ganin wanda ya shimfiɗa tabarma don kallon furensu ba. Abin da ya ɗaga ni shi ne kishiyata, 'yar da aka haifa masa a can, wadda har ta fara gudu ban taɓa goya ta ba. Sai muka ce da Malam tunda za a je, a haɗa da furen nan da ake ta zuzutawa, wanda Japanawa ke kira sakura.

A nan muka fara tafka kuskure. Azumin 2024 ya kama daga 11 ga Maris, aka yi Sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu, ni kuwa na ce ba inda zan je sai na yi Sallah a ɗakina. Mutumin da ya shirya mana tikiti ya ƙara kwantar min da hankali, ya ce, "Hajiya, ai watan Afrilu gaba ɗaya garin fure ne." Ban san inda ya samo wannan ba. Yaron ya yi ƙoƙarin nuna min cewa ba haka ba ne, amma da irin lallaɓawar ɗan da ba ya son musu da uwa, don haka ban ɗauki maganarsa da nauyi ba.

Sai da na isa na fahimci yadda abin yake. Itacen da ake gani a yawancin hotuna, mai fure fari da ɗan jirwayen ruwan hoda, sunansa Somei Yoshino. Ba daga iri ake shuka shi ba, aure ake yi masa kamar yadda ake yi wa mangwaro, saboda haka dukkansu tamkar itace guda ne aka rarraba a faɗin ƙasa. Shi ya sa a gari ɗaya suke buɗewa tare, su kuma zube tare. Furen yana riga ganye fitowa, falle biyar ne kacal a kowanne, kuma daga ranar da ya cika bai fi mako guda yake yi da kyansa ba, idan aka yi ruwa da iska ma ba ya kaiwa. Hukumar kula da yanayi ta Japan tana da itace guda a harabar wurin bautar Yasukuni da take dubawa. Ranar da aka ƙirga fure biyar ko shida a kansa sai a sanar cewa sakura ta buɗe a Tokyo, mutane na jiran sanarwar kamar yadda muke kasa kunne daren duban wata. A 2023 ranar 14 ga Maris aka sanar. A 2024 sai 29 ga Maris, ya cika 4 ga Afrilu. Mako biyu cur tsakanin shekara da shekara, to wa zai yanki tikitin jirgi da kwanan watan bara ya kwana lafiya?

Mu dai ta Addis Ababa muka bi, muka sauka filin jirgin sama na Narita ranar Asabar 13 ga Afrilu, a gajiye, ga agogonsu ya riga namu da awa 8. Washegari yaron ya kai mu lambun Ueno, wurin kallon furen da ya fi suna. Muka tarar ganye ya riga ya cinye rassa, furen yana ƙasa ana takawa. Akwai sauran jama'a zaune a kan shuɗiyar leda, wasunsu da gwangwanayen giya a gabansu, domin a al'adarsu zaman kallon fure, wanda suke kira hanami, da ci da sha yake tafiya. Ba wanda ya takura mana, amma Malam ya ja bakinsa ya yi shiru, ni kuma na san shirun nan. A jirgin ƙasa muna komawa ya ce, "To, mun ga ganye." Surukata ce ta ce, "Baba, a bari gobe mu gwada Shinjuku Gyoen, can nasu bai ƙare ba."

A ƙa'ida ranar Litinin lambun a rufe yake, sai dai daga 25 ga Maris zuwa 24 ga Afrilu kullum ana buɗewa saboda furen. Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Marunouchi muka sauka a tashar Shinjuku-gyoenmae, tafiyar kamar minti biyar zuwa ƙofa. Wanda zai je da dattijo ko da ƙaramin yaro ya bi ta nan, ya rabu da babbar tashar Shinjuku. Mutum sama da miliyan 3 ke ratsa ta a rana, na shige ta sau ɗaya daga baya, na ji kamar an jefa ni Kantin Kwari ana gobe Sallah, kuma a ƙarƙashin ƙasa.

Kuɗin shiga yen 500 ne ga babba, a lokacin bai kai dala 4 ba. Yara ƙanana kyauta, ɗalibai da waɗanda suka kai shekara 65 rabin kuɗi, sai dai a nuna shaida. Malam ya ciro fasfo da alfahari, karo na farko da na ga ya yi murna da shekarunsa. Kafin a kai ga wurin tikiti akwai ma'aikata da ke duba jaka, domin an haramta shiga da giya da shan ta a ciki. Suka ga babban flas ɗinmu, yaron ya gaya musu shayi ne, suka sunkuyar da kai muka wuce. Wannan dokar ita ce ta fara sassauta fuskar Malam. An kuma hana ƙwallo da kayan kiɗa, don haka da ka shiga, hayaniyar gari sai ta koma can nesa, ga dogayen gine-gine kana hango su ta saman itatuwa amma kamar ba a cikinsu kake ba.

Abin da kuɗin nan ya saya mana shi ne lokaci. Lambun yana da itatuwan sakura kusan 1,000, iri sama da 60, kuma ba tare suke fure ba. Wasu tun sanyi bai tafi ba suke farawa, wasu sai Somei Yoshino ya gama nasa suke ɗauka. Waɗannan na ƙarshen su muka tarar a cike. Ana ce musu yaezakura, wato masu fure ninki-ninki. Akwai Kanzan, ruwan hoda mai duhu, kowane fure cunkus yake da falle fiye da 20, har rassan suna rinjaya ƙasa don nauyi. Akwai Ichiyo mai haske, wanda daga nesa za ka ce fari ne sai ka matso ka ga hoda a gefensa. Wanda ya tsayar da ni shi ne Ukon, furensa rawaya-rawaya kamar an jiƙa farin yadi a ruwan kurkur aka yi saurin cirewa, da wani kuma Gyoiko mai fure kore, wanda za ka wuce shi kana zaton ganye ne. Yawancin itatuwan da muka tsaya a gabansu akwai ɗan allo da sunansu a jiki, yaron na karanta min ina rubutawa a bayan tikitin. Halin malanta ba ya barin mutum ko a ƙasar wasu.

Gaskiya kyansu daban ne da na hotunan da aka saba turo min. Wancan fari ne fes babu ganye, kamar hazo ya sauka a kan reshe. Waɗannan da ganyensu suke fitowa, launinsu ya fi ƙarfi, sun fi kama da kwalliyar amarya. Wanda ya ƙwallafa rai a kan farin nan na hoto, tsakiyar Afrilu ba tasa ba ce ko a wannan lambun. Ni da ban taɓa ganin ko ɗaya ba, na ƙoshi.

Wurin yana da faɗi, hekta 58 da ɗoriya. Asalinsa gidan wani basarake ne na zuriyar Naito a zamanin Edo, lokacin mulkin sarakunan yaƙi, a 1906 ya zama lambun gidan sarautar Japan, yaƙin duniya na biyu ya ƙone mafi yawansa a 1945, aka buɗe shi ga jama'a a 1949. Yanzu ma'aikatar muhalli ke riƙe da shi, kuma ana ganin hannun gwamnati mai kula: ciyawa a aske, hanyoyi a share, bandakuna tsaf. An kasa shi salo uku, na gargajiyar Japan mai tafkuna da gadoji, da wani mai layukan itatuwa a jere irin na Faransa, da fili shimfiɗaɗɗe irin na Ingila. Sashen Faransan mun leƙa kawai muka wuce, wardinsa ba su buɗe ba tukuna. Ɗakin gilashi na tsirran ƙasashe masu zafi kuwa dariya ya ba ni. Mutane na ɗaukar hoton ayaba, ni ina tsaye ina shaƙar ɗumin don ya yi min kama da gida.

A filin nan muka yada zango ƙarƙashin wani Kanzan. Kowa ya zo da shimfiɗarsa, kuma sai sun cire takalmi sun jera a gefe kafin su hau, daidai yadda muke yi da tabarma. Surukata ta dafo shinkafa da wake da soyayyen naman kaza da ta sayo a shagunan halal na Shin-Okubo, tasha ɗaya daga Shinjuku. Da na so taho musu da kilishi da dambun nama, Allah ya sa yaron ya hana ni tun ina gida, domin Japan ba ta yarda a shigo da nama ko abin da aka sarrafa daga nama, kuma ba wasa suke yi da dokar ba. A hanya mun sayi sakura mochi a wani shago bayan ya karanta abin da ke ciki tsaf, don wasu kayan zaƙinsu akan sa musu ɗan giya. Dunƙulen shinkafa ne ruwan hoda, an cusa masa jan wake da sukari, an naɗe da ganyen sakura mai gishiri. Wake da sukari! Na ci rabi don kada a ce ban gwada ba, kishiyata ta ƙwace sauran ta cinye tana harara ta.

Da azahar ta yi muka koma wani lungu bayan itatuwa muka shimfiɗa darduma. Ba wanda ya tsaya kallonmu. Wata tsohuwa da ke zana itace a takarda kusa da wurin ta ɗan ja kujerarta don ta ba mu fili, ba tare da ta ɗago kai ba.

Akwai abubuwan da ya kamata mai zuwa ya shirya musu. Ƙarfe 6 na yamma ake rufewa a wannan lokacin, kuma ana daina shiga rabin awa kafin nan, saboda haka kallon fure da dare a hasken fitilu sai a nemi bakin kogin Meguro ko Chidorigafuchi, su kuma Somei Yoshino ne mafi yawa a can, sai wanda ya zo da wuri. A wasu ranakun Asabar da Lahadi na tsakiyar kakar furen sai an yi rajista ta intanet kafin a je, don haka ranar aiki ta fi sauƙi, da safe kuma, tun ƙarfe 9 da ake buɗewa. Ƙasa tana da sanyi da laima, a sa leda ƙarƙashin shimfiɗa. Abin da littattafai ke fassarawa da bazara a can ba bazararmu ba ce: na baro Zariya ana narkewa, a nan da rana ta karkata sai da na ɗora rigar sanyin ɗana a kan mayafi. Tafiyar ƙafa kuma tana da yawa, gwiwata ta ba ni labari da dare. Sharar da muka tara a jaka muka ƙulle muka koma da ita gida, kamar yadda muka ga maƙwabtanmu na shimfiɗa sun yi.

In za a tambaye ni yadda za a tsara tafiyar, zan ce wanda ke da ikon zaɓen rana ya nufi ƙarshen Maris zuwa makon farko na Afrilu, ya bar kwanaki da dama a hannu, ya riƙa bin hasashen buɗewar fure da kamfanonin yanayi na Japan ke fitarwa tun watan Janairu suna sabuntawa. Wanda aiki ko azumi ko biza ta ɗaure irinmu, ya sa Shinjuku Gyoen a ranarsa ta farko, kada ya fara da inda muka fara.

Mun sake komawa ranar Alhamis, ni da surukata da yarinyar kawai. Malam ya tafi da ɗansa ganin Tokyo Camii, masallacin nan mai ginin Turkawa a Yoyogi-Uehara, amma kafin su fita sai da ya ce a ɗauko masa hoton mai rawayan nan, wai jiya ya tuna bai ɗauka da kyau ba. Mun same shi ya fara sauya launi, tsakiyar furen ta soma ja. Iska ta taso muna zaune, fallayen Ichiyo suka riƙa zubowa cikin kofin shayina, kishiyata na bin su da gudu tana cusawa a aljihun rigarta. Da muka dawo Zariya ina kwance kaya na tarar da guda uku a busasshe cikin fasfo ɗina, ita ta sa su ban sani ba.