Tesla Model X Plaid da Porsche 911 Turbo S: wacce ta fi gudu a titunan Katsina?

Idan aka jera su a layi ɗaya aka saki birki, jif ɗin lantarki da motar tseren fetur kusan kafaɗa da kafaɗa za su kai gudun kilomita 100 a awa. Tesla ta ce Model X Plaid na kai wa cikin sakan 2.6, Porsche kuma ta ba 911 Turbo S, ƙirar 992 da ta fito a 2020, sakan 2.7. Kada wannan ɗan bambancin ya ruɗi mai saye. A lissafin Tesla ba a fara ƙirga lokaci sai motar ta gangara kimanin santimita 30, ita kuwa Porsche daga tsaye cak take ƙirgawa. A nan kunnen doki aka yi.

Abin mamakin shi ne yadda Tesla ke yin haka da nauyinta. Ta kai kusan kilo 2,450, ga kujeru shida, alhali Porsche kilo 1,640 ce. Injinan lantarki uku gare ta, ɗaya a gaba biyu a baya, masu ƙarfin doki 1,020, kuma injin lantarki yana ba da duk ƙarfin murɗawarsa tun daga juyin farko. Giya ɗaya ce tak, babu canji. Porsche na da inji mai silinda shida, lita 3.8, da turbo biyu da ƙarfin doki 650, amma sai injin ya ɗau zuga turbo ta cika da iska kafin ƙarfin ya zo. Shi ya sa ake tayar da ita da dabara: a sa ta a Sport Plus, wato saitin tuƙi na tsere, a danne birki da ƙafar hagu, a take totur har ƙasa da ta dama, sannan a saki birkin lokaci guda. Tesla ma ba haka kawai take ba da 2.6 ɗin ba. Sai an kunna Drag Strip Mode, wato saitinta na tsere, an jira mintuna batir ya kai zafin da ake so, kuma cajin ya kasance a sama. In caji ya yi ƙasa, fizgar tana raguwa.

Inda direban Katsina zai ji bambancin shi ne wajen wuce tirela. A hanyar Daura ko ta Kano, kana bayan babbar mota a gudun 60, ka hango gabanka ba kowa. Tesla na zabura da taɓa totur. Porsche sai ta fara sauko da giya daga ta bakwai ko ta takwas zuwa ta uku, turbo ta cika, sannan ta harba. Jinkirin bai kai sakan ɗaya ba, amma ƙafa na jin sa. A wannan fagen Tesla ce gaba, babu gardama.

Daga gudun 200 zuwa sama labari ya sauya. Turjiyar iska na ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu, jif kuma dogo ne mai faɗin ƙirji. Injin lantarki mai giya ɗaya ƙarfin murɗawarsa na ja da baya idan juyinsa ya yi yawa, Porsche kuwa tana da sauran giya a hannu. Iyakar Tesla bai wuce 262 ba, Porsche na kai 330. Sai dai wannan magana ce ta filin tsere. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta tsayar da ƙananan motoci a 100 a babban titi mai hannu biyu, kuma hanyar da shanu da 'yan acaɓa ke tsallakawa ba wurin gwada 200 ba ce.

Birki ne ya fi damun wanda ya san mota. Ƙarin kilo 800 ɗin nan dole wani abu ya tsayar da shi. A tuƙin yau da kullum Tesla na rage gudu da injinanta tana mayar da wuta cikin batir, faifan birki na hutawa. Amma a taka birki da ƙarfi sau uku ko huɗu a jere daga babban gudu, faifan zai yi zafi, birkin ya fara laushi. Turbo S na zuwa da faifan seramik mai faɗin milimita 420 a gaba, wanda zafi ba ya saurin gajiyarwa. A kwana ma haka, Porsche na manne da ƙasa, jif ɗin kuma nauyinsa na cin gefen tayoyin gaba.

Zafin Afrilu, da ke haura digiri 40, yana taɓa su duka. Batir in ya yi zafi kwamfutar motar na rage ƙarfi don kare shi. Turbo kuma ba ta son iska mai zafi, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska da lagireto.

Sai abin da kowacce ke ci. An ƙera Turbo S don fetur mai oktan 98 (oktan ma'aunin ingancin fetur ne), wanda ake samu a gidajen manmu ya gaza haka. Injin na jin alamar ƙwanƙwasa sai ya jinkirta tartsatsin filogi, dokin nan 650 ba za su fito duka ba. Tesla kuwa batirinta kusan kilowat-awa 100 ne. A soket na gida mai amfiya 13 zai haura awa 30 kafin ya cika. Da cajar bango mai kilowat 11, awa tara zuwa goma, in wutar KEDCO ta tsaya. Babu tashar Supercharger, wato wurin cajin gaggawa na Tesla, a Najeriya, don haka mai ita na bukatar sola mai girma ko janareta na gaske.

A cikin gari, tuddan rage gudu da ramukan damina na kashe wa Porsche kasuwa, domin hancinta dab yake da ƙasa, sai an hau tudu a karkace a hankali. Model X na ɗaga kanta da shokazoba mai iska ta wuce. Ga mai zirga-zirga tsakanin Katsina da Daura, kilomita 80 da 'yan kai, wanda ya tanadi wutarsa a gida, Tesla ce za ta ba shi saurin da zai iya amfani da shi kullum. Porsche ta fi ta gudu da birki da kwana, amma sai an samo mata fetur mai kyau da titi marar rami.