Gargaɗi ga masu sayen ƙananan jiragen ƙasa ta intanet: a kula da shagon "muna rufewa"

Salamu alaikum 'yan uwa masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa, da masu tarawa su jera a kabad, da masu shimfiɗa dogo a ɗaki su kunna, har da iyayen da yaro ya ga abin a waya ya hana su sakat. Akwai damfarar da ke yawo a Facebook da Instagram da sunan wannan harka, kuma an tsara ta yadda ko wanda ya daɗe a ciki sai ya ɗan tsaya ya ce anya ba gaskiya ba ne.

Talla za ka gani, da hoton kan jirgi mai ɗaukar ido. Galibi sanannun suke zaɓa: Flying Scotsman na kamfanin Hornby, ko Big Boy na Amurka, ko Krokodil na Suwizalan da kamfanin Märklin ya shahara da ƙerawa. A ƙasa an rubuta cewa shagon zai rufe bayan shekara da shekaru, mai shi ya tsufa ko ya rasu, don haka an karya farashi da kashi 80 ko 90 cikin ɗari. Kan jirgin da sabonsa ya haura Fam 200 a shagon gaskiya, sai ka gan shi a kan irin su Fam 29.99. Kana latsawa sai ga shafi tsaf, da tambarin kamfani, da agogo yana ƙirga mintunan da suka rage, da wani ɗan rubutu yana cewa saura uku. Duk an sa su ne don kada ka samu sararin yin tunani.

Abin da ya sa ƙaryar ke shiga shi ne an gina ta a kan abin da ke faruwa da gaske. Shagunan wannan harka suna rufewa. Hattons, wanda aka kafa a Liverpool a 1946, ya kasance cikin manyan masu sayar da ƙananan jirage a Birtaniya, kuma a watan Janairun 2024 ya sanar zai rufe. Duk mai wannan sha'awa ya ji labarin. To wanda ya ji babban shago irin wannan ya tafi, gobe in ya ga tallar wani shago na gwanjon kayansa ba zai yi mamaki ba. 'Yan damfara sun san da haka, kuma ba a kan jirage suka fara ba. Lokacin da kantin Wilko na Birtaniya ya durƙushe a watan Agustan 2023, shafukan bogi masu ɗauke da sunansa sun fito suna tallar ragi, har sai da aka fito aka gargaɗi jama'a. Salon ɗaya ne, kayan kawai ake canjawa.

Sannan ga wata ɗabi'a ta harkar da ke ƙara taimaka musu. Kamfanoni kan ƙera samfuri adadi kaɗan, in ya ƙare sai a shafe shekaru ba a sake ba, wani ma shi ke nan. Mutum ya yi ta neman kan jirgi guda mai lamba kaza da fenti kaza, ya duba nan ya duba can bai samu ba. Ranar da ya gan shi da araha, hannunsa ya riga hankalinsa kai wa ga katin banki. Ba zan zargi irin wannan mutum da wauta ba, amma dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Shagon da ke rufewa da gaske yakan yi ragi daidai misali, don kayan nan ba tumatir ba ne da za su ruɓe a hannunsa, kuma akwai 'yan kasuwar da za su kwashe su gaba ɗaya da daraja.

Bayan ka biya, wani lokaci shiru kawai za ka ji, in ka koma bayan 'yan makonni shafin ma ya ɓace. Wani lokaci a aiko maka da jirgin roba na wasan yara mai batir, ko ma wani tarkace da bai shafi jirgi ba. Amma wadda ta fi muni ita ce dabarar lambar bin sawun kaya, kuma ita nake so a fahimta sosai. Za su ba ka lamba ta gaskiya daga kamfanin dako na gaskiya. Sai dai abin da suka aika ambulan ce marar nauyi, zuwa wani adireshi a garinku ko unguwarku wanda ba naka ba. Idan ta isa, shafin kamfanin dakon zai nuna an miƙa kaya a garin kaza ranar kaza. Ka kai ƙara inda ka biya kuɗin cewa ba ka ga komai ba, su kuma su nuna wannan lamba a matsayin shaida. Yawancin shafukan bin sawu ba sa nuna cikakken adireshi, gari kawai suke nunawa, shi ya sa ƙarar takan faɗi a zagayen farko. Maganinta shi ne ka tuntuɓi kamfanin dakon, ka nemi su tabbatar maka a rubuce cewa adireshin da aka kai ba naka ba ne, su kuma faɗi nauyin abin. Kan jirgi a cikin kwalinsa ba zai yi nauyin wasiƙa ba. Da wannan takarda ake ɗaukaka ƙarar.

Kuma kada a manta, lambar katinka tana hannunsu. Wasu ba Fam 29.99 ɗin ne ya dame su ba, katin suke so.

Gane shafin bogi ba wuya in mutum ya natsu. Ka kwafi adireshin shafin ka duba shi a Whois, zai nuna maka ranar da aka yi masa rajista. Shagon da ke cewa ya shekara arba'in amma adireshinsa bai fi wata ɗaya ba, magana ta ƙare. Ka dubi sunan da kyau, don sukan ɗauki sunan sanannen kamfani su liƙa masa wata kalma ko su sauya harafi ɗaya. Ka nemi adireshin shagon da lambar waya. Ko dai babu, ko kuma ka sa shi a taswira ka tarar fili ne ko gidan wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Hotunan kuma ka saka su a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa, sau da yawa za ka same su a wani tsohon gwanjo na eBay. Wani lokaci ma in ka leƙa sauran shafin sai ka ga ana sayar da takalma da injin yanke ciyawa kusa da jirage.

Babban rauninsu dai shi ne ba su san jirgi ba, kuma a nan ne ɗan ilimi kaɗan yake ceton kuɗi. Kowane samfuri yana da ma'auni, wato girmansa in aka kwatanta da jirgin gaske: ma'aunin da ake kira HO shi ne 1:87, na OO kuwa 1:76, duk da cewa dukkansu a kan dogo mai faɗin milimita 16.5 suke tafiya. N yawanci 1:160 ne a kan dogo mai milimita 9, a Birtaniya 1:148. Z, wanda Märklin ta fito da shi a 1972, 1:220 ne. Wanda ya yi shekaru yana sayar da kayan nan ba zai taɓa haɗa waɗannan a bayanin kaya guda ba. Amma a shafin bogi za ka ga an rubuta HO a sama, 1:160 a ƙasa, hoton kuma na wani abu ne daban. Haka lambar kaya: na Hornby da harafin R suke farawa, na Märklin na zamanin nan yawanci lambobi biyar ne. Ka ɗauki lambar ka duba a shafin kamfanin ka ga ko ta dace da hoton. In babu lamba sam, to ka tambayi kanka wane irin shago ne wannan.

Damfarar tana da fuska ta biyu, kuma ita ta fi taɓa zuciya. A zaurukan intanet na masu wannan sha'awa za ka ga wata ta rubuta cewa mijinta ya rasu ya bar ɗaki cike da jirage, ita ba ta san kansu ba, ganinsu ma tayar mata da hankali yake yi, tana so su koma hannun wanda zai kula da su. Wani lokaci ta ce kyauta ne, kuɗin dako kawai za ka biya. Wannan ma daga gaskiya aka sato shi, domin da yawa cikin masu tara jirage dattawa ne, kuma magada kan sayar da kayan bayan rasuwa. Sai tausayi da kwaɗayi su haɗu wa mutum lokaci guda. Ka biya kuɗin dako, a ce kuma akwai inshora. Ka biya, a ce kwastan sun riƙe kaya. Haka za a yi ta tatsarka har ranar da ka gaji. Asusun da ake amfani da shi ma sau da yawa na wani ne aka sace, shi ya sa za ka ga tsofaffin hotuna da abokai kamar na mutumin kirki.

Akwai kuma masu jiran ka rubuta cewa kana neman samfuri kaza. Cikin mintuna wani zai faɗo maka ta akwatin saƙo ya ce abokinsa yana da shi, ga imel ɗinsa. Ba a san abokin a zauren ba, shi ma mai maganar jiya ya shigo.

Da irin waɗannan, gani ya kori ji. Ka ce a ɗauko maka hoton ƙarƙashin kan jirgin, da takarda a gefe an rubuta sunanka da kwanan wata da hannu. Idan an ce Märklin ne na HO, dole ka ga wani siririn ƙarfe a tsakiyar cikinsa, wanda ke gogar 'yan ƙusoshin da ke tsakiyar dogo yana ɗaukar wuta, don tsarin Märklin ya bambanta da na Hornby da Roco da sauran masu ɗaukar wuta daga layuka biyu. Matar mamaci ta gaskiya ba lallai ta san wannan ba, amma tana iya juya jirgi ta ɗauki hoto. Ɗan damfara kuwa ba shi da jirgin da zai juya. Tun da yanzu manhajoji na iya haɗa hoton ƙarya, kiran bidiyo ya fi: a ɗaga jirgin, a juya shi, a buɗe kwalin kana kallo. In aka fara cewa kyamara ta lalace, ko kayan na wurin ajiya a wani gari, ko wani na hanya da kuɗi a hannu don haka ka hanzarta, ka yi sallama.

Duk wannan bincike kuwa, hanyar biya ce ke raba gardama. A PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, zaɓin Friends and Family na tura wa 'yan uwa da abokai ne, babu wata kariya ga mai saye a cikinsa, shi ya sa suke nacewa a kansa da sunan wai a kauce wa caji. Zaɓin Goods and Services shi ke ba ka damar kai ƙara cikin kwana 180 in kayan bai iso ba. Ka ce kai za ka ɗauki nauyin cajin, ka ga abin da zai ce. Tura kuɗi kai tsaye ta banki, ko Western Union, ko kuɗin kirifto, ko katin kyauta da ake kankarewa a tura lamba, duk waɗannan in sun tafi da wuya su dawo. In a eBay kuka haɗu, kada ka yarda a fita da cinikin waje don an yi maka alƙawarin ragi, domin kana fita kariyarsu ta bar ka. Mazauna Birtaniya kuma su sani, sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa kamfanin katin bashi alhaki tare da mai sayarwa a kan kayan da farashinsu ya haura Fam 100 har zuwa Fam 30,000. Kayan Fam 29.99 bai kai wannan iyaka ba, sai dai a nemi banki ya janyo kuɗin ta hanyar ƙorafin kati.

Ga 'yan uwa da ke Kano ko Kaduna ko Maraɗi masu saye daga waje, akwai ƙarin haɗari. Yawanci ana tura kayan ne gidan wani ɗan uwa a Ingila ko Jamus, ko wurin ejan mai haɗa kaya, su zauna a can har a samu mai tahowa. Kafin kwalin ya iso hannunka ka buɗe, wa'adin kai ƙara ya wuce, musamman a eBay inda kwana 30 ne bayan isar kaya. Ka roƙi wanda ya karɓa ya buɗe a ranar, yana ɗaukar bidiyo tun daga yanke salatif, ya nuna maka lambar da ke jikin kwalin da cikin jirgin. Kuma tun da maganar ta zo, mai sayen kaya daga Amurka ya duba taransifomar, don tasu ta wuta 120 ce, tamu kuwa 230. Wannan ba laifin ɗan damfara ba ne, amma asarar ɗaya ce.

Wanda ya riga ya biya, ya kira bankinsa yau, a toshe katin a ba shi sabo, ya shigar da ƙorafi. Ya ɗauki hoton tallar da shafin da rasit da duk saƙonnin da suka yi kafin a goge su. Ya kai rahoton tallar ga Facebook, ya sanar da masu kula da zauren, ya kuma sanar da kamfanin da aka ari sunansa, don su ma cutarsu ake yi. A Najeriya ana kai irin wannan ƙara ga EFCC, a Amurka ga sashen IC3 na FBI. Kuma ya sa ran nan da 'yan kwanaki wani zai tuntuɓe shi ya ce shi lauya ne ko ƙwararren kwamfuta, zai ƙwato masa kuɗinsa in ya ba da kafin alƙalami. Wannan ma damfara ce, kada ya tura masa ko sisi.